Kunyar Suruki a Kan Layin Bututu

Sana'ata batir ce. Na fara da wanke tsofaffin batira a bakin tashar Matameye, ina sauya musu ruwa ina gyara kawunansu, har Allah ya sa na kama rumfa, na ƙara da pano mai hasken rana da wayoyin lantarki. Wanda ya san ni ya san ba a cika sayar mini da mataccen kaya ba. Amma a Tamanrasat, can cikin Aljeriya, an sayar mini da kayan da ma ba na mai sayarwar ba ne.

Wani dillali ne mai fara'a, mai yawan salati. Ya kai ni wani sito cike da pano, na gwada su da hannuna na ga masu rai ne, muka yi ciniki, na biya. Da na dawo da motar ɗauka sai na tarar da wani mutum daban a bakin ƙofa yana tambayata wa nake nema. Shi ne mai siton. Dillalin mabuɗi kawai ya ara. Na tsaya cikin rana ina kallon ƙofar nan. Jarin da na tara tun ina saurayi ya tafi, kuma ba inda zan kai ƙara, don wanda ya shigo ƙasa ba takarda, in ya je gaban hukuma shi za a fara riƙewa.

A gidan da ƴan garinmu ke sauka Habu ya same ni. Habu mutumin Tsauni ne, manomi, shi ke auren ƴata ta fari, wadda ko sunanta ba na faɗa. A lokacin yana cirani a garin, yana leburancin gini. Tun da ya aure ta ban taɓa ganin abinci ya shiga bakinsa ba. In ya zo gidana, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, a kai masa akushinsa wani ɗaki a saki labule. Ko goro na miƙa masa, aljihu yake sa shi. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin akwai abin gyara a ciki ba.

Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Baba, na ji abin da ya faru. Allah ya mayar da alheri."

"Amin. Kasuwa ce, ba yau ta fara ba."

Ya ce yana da ɗan abin da ya tara, in na yarda ya sa ni mota zuwa gida. Na ce a'a. Ban ga yadda zan shiga Matameye da kuɗin motar surukina ba. Ana cikin haka aka zo neman lebura, wai aikin bututun gas ne can arewa wajen In Salah, kuma ba a tambayar takarda. Na ce a sa da ni. Ranar tafiya na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, ina waiwayawa sai ga Habu da ƙunshin kayansa.

"Ina za ka? Koma bakin aikinka."

"To, Baba," in ji shi. Ya taka taya ya hau, ya zauna can ƙurya inda ba za mu haɗa ido ba.

Kafin mu wuce inda waya ke kamawa na kira gida. Uwar yarana ta ce yarinyar tana wurinta, cikinta ya tsufa, kuma ta ji mijinta ya biyo ni. "Ba ta ce komai ba," in ji ta, "amma ai ka san abin da ba ta faɗa ba." Na sani. Saboda ni ya bar aikin da ke da inuwa. In na koma gida babu shi, ban san da wace fuska zan shiga zaurena ba.

Shantiyen, wato sansanin aikin, wasu kwantenoni ne aka jera a fili, da tankin ruwa da injin wuta. Duk inda ka duba ƙasa ce shimfiɗe kamar tabarma, tsakuwa da rairayi, ba itace, ba tudu, ba ko kututturen da akuya za ta ɓuya a bayansa. Bututun yana ƙarƙashin ƙasa, har na bar wurin ban gan shi da idona ba. Abin da ake gani kawai wasu turaku ne na ƙarfe, siraru kamar taɓarya, nesa da nesa, kowanne da wayar da ta sauka har jikin bututun.

Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, Rashid sunansa, Balarabe, gajere. Ba mugu ba ne, sai dai kullum a makare yake, ana matsa masa daga sama. Da Faransancina na kasuwa na gane aikin, don bai yi nisa da sana'ata ba. Ƙasa tana cin ƙarfe, tsatsa ta huda shi. Shi ya sa ake lulluɓe bututun da roba, sannan a riƙa ba shi ƴar wutar lantarki daga tashoshin pano da ke kan hanya. Muddin wutar nan tana isa jikinsa, tsatsa ba ta kama shi. Aikinmu shi ne mu bi kansa a ƙafa, taku bayan taku, a ji inda wutar ta isa da inda ta gaza.

Rashid ke rataye da na'urar awo a ƙirji, da sanduna biyu a hannu, kowace da ɗan kofi mai shuɗin ruwa a gindinta, yana dafa su a ƙasa kamar tsoho mai ciwon gwiwa. A bayansa akwai ƙunshin waya siririya kamar zare, an ɗaura bakinta a turken da muka baro, tana warwarewa muna tafiya. Amma busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta, sai an jiƙa inda sandar za ta sauka. Wannan shi ne aikin Habu. Yana gaba, bido, wato jarkar ruwa, a baya, ɗan tiyo a hannu, yana tsiyaya ruwa a kowane taku. Ni kuma da aka ji na san waya sai aka sa ni a baya, in ta tsinke in haɗa, in shef ya ce nan wuta ta yi ƙasa in kafa ƴar tuta.

Direbanmu Agali, Buzu ne da ya yi zaman Agadas, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Da safe ya sauke mu, ya bi layi yana ajiye bidodin ruwa, ya juya ɗebo wasu.

"Kai Alhaji," yakan ce, "a garinku ruwa a leda kuke sayarwa, nan ga shi kuna ba rairayi sadaka. Bahaushe ya tuba!"

"Rufe baki, Buzu. Kai in ka ga ruwa shayi kawai kake tunawa. Wanka fa?"

"Wanka na masu datti ne."

Ranar farko da rana ta take, Rashid ya kafa leda a kan sandunansa muka shiga inuwarta, aka fito da burodi da kifin gwangwani. Habu ya koma gefe cikin rana ya ce yana azumi. Litinin ce, na ce Allah ya karɓa. Washegari ya ce ramuwa yake. Ranar Laraba ma ramuwa. Ni da nake gane batirin da ya kusa mutuwa tun kafin in sa masa mita, wannan ban gane shi ba, don ni ma ba kallonsa nake ba. Suruki ba ya ƙura wa suruki ido.

Agali ne ya lura, don shi ke kwashe gorunanmu na sha da yamma, kuma ta Habu kullum da nauyinta take dawowa. Ya ja ni bayan mota.

"Alhaji, mutumin nan mene ne naka?"

"Mijin ƴata ne."

Ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido, kamar shi aka kama. "Subhanallahi! Kuma aka haɗa ku layi ɗaya? Ni surukina har ya rasu bai ga haƙorana ba. Ba azumi yake ba, Alhaji. Kai ne azuminsa."

Sai komai ya fito mini fili. A gida kunya tana da bango da labule da bayan rumbu. A shantiye ma da yamma yakan kewaya bayan kwantena ya ci ya sha. Amma a kan layi, daga hantsi har la'asar, babu inda zai tsaya idona bai kai ba. Mutum yana ɗauke da ruwa a baya yini guda, yana shayar da ƙasa, shi kuma leɓensa ya tsage.

Na yi abin da duk mai hankali zai yi. Washegari na tsaya a gabansa, na kira sunansa, abin da ban saba ba.

"Habu, sha ruwa. Ni na ce ka sha. Nan ba gida ba ne."

"To, Baba. Na sha ɗazu."

Na miƙa masa gorar. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya rataya ta a kafaɗa.

Na je wurin Rashid na roƙe shi ya raba mu. Na yi bayani da Faransanci, na ƙara da hannu, Agali ya ƙarasa da Larabci. Rashid ya yi dariya har da dafa gwiwa. Ya ce a garinsu suruki da suruki kwano ɗaya suke ci har su yi faɗa a kan nama. Da ya ga ba ma dariya sai ya ce ɗaya rukunin ma'aikatan yana can nesa, ba shi ke rarraba mutane ba, kuma babba da gemunsa ba a koya masa shan ruwa. Na ce to a sallame mu. Ya ce ba motar da za ta fita sai an gama wannan yanki, kuma in mun fita a ƙafa, shingen jandarma na farko zai gama da mu.

Sai na koma dabara. Na riƙa ja baya ina barin su su yi nisa, amma da zarar waya ta tsinke ko ana son tuta sai ihun Rashid ya dawo da ni. Na riƙa tsugunawa kamar mai fitsari, na juya baya, in daɗe har gwiwata ta sage. Rashid ya fara tambayar ko ciwon suga gare ni. A irin wannan lokaci, in ji Agali, Habu kan kurɓa sau ɗaya da sauri kamar ɓarawo, ya rufe gorar. Kurɓi ɗaya a ranar da takalmin roba ke laushi a ƙafa.

Na aika Agali ya yi masa magana irin ta abokai. Ya dawo jikinsa a sanyaye.

"Ya ce in gaya maka ba ƙi yake ba. Ya ce wallahi in ya ɗaga gorar, ya tuna kana bayansa, maƙogwaron ne ke rufewa."

Na sayar da kaya ga mutanen da suka rantse ba za su saya ba. Na sasanta Bayarabe da Babarbare a kan mota ɗaya. Amma wannan ba ciniki ba ne. Ba abin da zan rage, ba abin da zan ƙara. Kullum da safe ina ganin wandon Habu yana ƙara yi masa yawa, in bi bayansa da ƴan tutocina.

Ranar da abin ya faru mun shiga wani yanki da awon ya faɗi. Rashid ya ce ko dai robar bututun ta yage a wurin, ko kuwa ƙasar ce ba ta jiƙu sosai ba, kuma ba zai sa a kawo injin haƙa a kan shakka ba. Sai a sake, a ƙara ruwa. Muka koma baya muka sake. Bai gamsu ba, muka kuma. Bidodin da ke kusa suka ƙare, Habu ya riƙa zuwa ɗauko na gaba yana dawowa da su a ka. Agali ya tafi cika tanki.

Abin da na fara gani shi ne rigar Habu ta bushe. Da tana jiƙe da zufa har ƙugu, yanzu sai farin gishiri. Sannan ya fara zuba ruwan a gefen layi, inda ba sandar da za ta sauka. Rashid ya daka masa tsawa. Ya juyo kamar zai ba da haƙuri, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya faɗi a kan bidon.

Na yar da tutocin na ruga. Na ɗora kansa a cinyata. Ban da musabaha, ban taɓa taɓa jikinsa ba sai ranar. Fatarsa zafi kamar murfin tukunya. Rashid ya yage masa riga yana kwara masa ruwa, yana ihu a cikin rediyo. Na sa masa bakin gora a leɓe ina cewa, "Sha, ɗana, don Allah sha." Ya buɗe ido a hankali. Ya ga fuskar da ke kansa. Sai ya datse haƙora, ya fara ƙoƙarin zame kansa daga cinyata, hannunsa yana laluben takalminsa zai tuɓe. Ruwan ya bi gefen kumatunsa ya shige rairayi.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba kafin ƙurar motar Agali ta bayyana. Ya duro, ya dube mu sau ɗaya, ya karɓe gorar daga hannuna.

"Alhaji, tashi ka tafi."

"In tafi ina? Mutuwa fa yake!"

"Shi ya sa. Ka tafi har ka ɓace."

Na tashi. A ƙasa irin wannan ɓacewa aiki ne. Na bi layin baya ina tafiya, ba na waiwaye, ƙafafuna suna so su juya ina hana su. Da na waiwaya sun koma kamar hankaki a gona, amma na san in ina ganin su, shi ma zai iya ganina. Na ci gaba har na kai turken da muka ɗaura waya da safe. Na zauna a bayansa, ƙarfen da ko hannuna bai rufe ba, na ba su baya. Duk addu'ar da na sani na karanta. A rayuwata in abu ya lalace hannu nake sawa. Ranar nan taimakon da ya rage mini shi ne kada a gan ni.

Can sai na ji hon ɗin mota, dogo, sau da yawa. Agali ne ke gaya mini ya sha.

Ya sha, amma bai tashi ba. Fitsarinsa ya koma kamar shayin da aka manta a wuta, ƙafafunsa suka kumbura. Asibiti sai da takarda, kuma mai kwangilar ya fi mu tsoron a san yana aiki da irinmu. Rashid ne, wanda ya yi mini dariya, ya tafi gari da motarsa ya zo da wani ma'aikacin jinya ɗan'uwansa, aka rataya wa Habu ƙarin ruwa a jikin ƙusa cikin kwantena. Ban shiga ba. Nakan tsaya a jikin bangon ƙarfen daga waje in saurari tarinsa, in Agali ya fito in tambaye shi. Rashid ya zo ya tsaya kusa da ni wata rana, ya ce shi dai har yanzu bai gane ba. Na ce ba komai, ya riga ya yi abin da ya fi ganewar muhimmanci.

Da Habu ya fara iya zama aka ce mu tattara. Wanda ba ya aiki ba ya cin abincin shantiye. Agali ya mayar da mu Tamanrasat, ya nemo mana manyan motoci biyu da za su gangara Arlit.

"Biyu?" na ce. "Ɗaya ta ishe mu."

"Alhaji, har yanzu ba ka koyi karatun ba? In kuka hau ɗaya gawa za ka sauke."

Ni ban taɓa barin kayana su bi wata mota ni in bi wata ba. Amma gaskiya ya faɗa. A motar farko akwai matan wajen Kance masu komawa gida. Na zaɓi wata dattijuwa mai kaifin ido, na durƙusa na gaya mata komai.

"Iya, amana ce. Ki matsa masa."

"Kai dai hau motarka," in ji ta. "Ni ba surukarsa ba ce. In ya ƙi sha, hanci zan toshe masa in ɗura, kamar yadda nake wa jikokina."

Aka ɗaga Habu aka sa shi a tsakiyarsu. Da motarsu za ta tashi ya yi ƙoƙarin durƙusawa a kan buhuna ya yi mini sallama, matan suka danne shi. Agali bai tsaya godiya ba. Ya ce in na sake zuwa in taho masa da batir mai rai, ba irin wanda Hausawa ke sayar wa Buzaye ba, ya ja motarsa.

Da farko muna ganin ƙurar motarsu a gabanmu. Bayan mun ƙetare iyaka tamu ta lalace, muka zauna a ƙarƙashinta ana jiran wani ƙarfe daga baya. Waya ba ta kamawa. Da muka tashi, hanyar nan akwai tarin duwatsu a gefenta, nan da can, inda matafiya suka binne nasu suka wuce. Kowanne muka doso sai in miƙe a kan kaya in duba ko sabo ne. Wani ɗan Icirnawa da ke kusa da ni ya gaji ya ce, "Alhaji, zauna mana, ko ka ga sabo me za ka iya?" Na ce ba komai. Amma da muka doso na gaba na sake miƙewa.

Mun shiga Arlit da hantsi. Ban jira motar ta gama tsayawa ba. Na bi tashar ina tambaya, mota bayan mota, wannan ya ce bai sani ba, wancan ya ce sun wuce Agadas tun jiya. Ina cikin haka na ji murya daga wata rumfa.

"Kai, surukin nan! Sai yanzu?"

Dattijuwar ce, tana tsefe wa wata yarinya kai. Na ƙarasa wurinta da sauri. Ta nuna da haɓa.

"Yana can bayan gareji. Ya ƙi bin motar Agadas, wai sai Baba ya iso. Ka ba ni ladan ɗura, hannuna har ya gaji."

Na kewaya. Daga nesa na hango shi zaune a inuwar wata matacciyar kamiyo, ya rame kamar kara, kumburin ƙafafun ya saɓe. Ya riƙe ƙwarya da hannu biyu, ya kafa kai a ciki, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Fura ce. Na tsaya cik. Na ja da baya a hankali na shige bayan tarin tsofaffin tayoyi, na jingina.

Wani mai shayi da ke wurin ya dube ni.

"Alhaji, lafiya? Wa kake nema?"

"Na same shi."

"To ka ƙarasa mana."

"A'a," na ce. "Bari ya shanye tukuna."